Uban Amarya a Ƙolin Jigon Jirgi

Tsibirin Vatukuro, ranar Litinin

Tavale Ilaitia,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da tumbinka da sauran mutanen gidan. Ƙanwarka Vasemaca tana gaishe ka. Ta ce in tambaye ka ko har yanzu kana barci a coci, na ce mata matar aure ba ta aiken mijinta tambayar da ta san amsarta.

Bayan haka, muna nan cikin tafkin Vatukuro. Mun jefa anka a gaban ƙauyen, mun kai wa sarkin garin yangona, saiwar nan da ake jiƙawa a sha wurin gaisuwa, ya sha ya karɓe mu. In saƙon nan ya iso gare ka, to ka gode wa wata jakar leda. Hasumiyar waya tana can wani tsibiri a arewa da mu, ba a ma hango shi sai gari ya washe sosai. A kan benen jirgi babu sabis ko ɗigo. Sai in rubuta abin da zan rubuta, in danna aikawa, in saka wayar a jaka, in ɗaura ta a igiyar da muke ɗaga ƙyallen iska, in ja ta har ƙolin jigon jirgi, dogon ƙarfen nan da ka ce ya yi kama da ni lokacin da nake neman auren ƙanwarka. Can take lilo kamar jemage har ta tsinci abin da za ta tsinta. Ranar farko jakar ta ƙi saukowa saboda rashin nauyi, ta wuni a sama tana kallonmu. Yanzu ƙamus nake saka mata. Duk tsawon shekarun da na yi ina koyar da adabi ban taɓa ganin ƙamus ya amfani wani kamar haka ba.

Eriyar nan da mai shago a Suva ya rantse za ta kamo mana intanet ko daga Tonga ne, tawul muke shanyawa a kanta. Kwamfuta ta sha damshi ta mutu. Wayar Vasemaca kuwa tun makonmu na farko ta zame daga aljihunta ta bi kifaye.

Har jiya muna da maƙwabci, wani Desmond mutumin Ostareliya, mai jirgi mai ciki biyu, faɗinsa kamar ajin makaranta, da farantin nan mai kamo intanet daga taurarin ɗan'adam. Kullum da safe sai ya ɗaga kofinsa ya ƙwala mini kira: "Malam, zo ka karɓi lambobin sirrin mana, kyauta ne!" Ni kuwa na gyara murya na ce masa na fito teku ne don in huta da kukan waya, kuma kakannina da suka ratsa tekun nan a kwalekwale ba su roƙi kowa lambar sirri ba. Ya ce, "Da sun samu da sun karɓa." Ƙanwarka ta goyi bayansa, a gabana. Jiya suka ɗaga anka suka nufi Tonga kafin iska ta tsananta, da farantinsu da kofinsu.

Iskar kuwa ta tsananta. Ƙofar tafkin, 'yar tsagar nan da ke jikin katangar murjani, fari fat take da kumfa. Famfon da ke sanyaya injinmu ya ci robarsa, kuma ba mai hankalin da zai tunkari ƙofar nan ba inji. Ka sayo mini robar, na turo maka hotonta, ka ba jirgin kaya mai zuwa wata-wata. Kafin nan ga ni nan, in hau bene in sauko, in buɗe littafi in rufe. Vasemaca ta ce in na ƙara zagaya jirgin nan sau ɗaya za ta ɗaure ni da anka.

Ka gaishe mini da 'yata Losalini. Sojan nan nata yana nan yana cinye maka abinci?

Ni ne tavalenka, wato taubashinka, wanda ya fi ka komai,
Sairusi

*

Suva, ranar Talata

Tavale Sairusi,

Na gaishe ka, malamin da ya karanta komai ban da fuskar 'yarsa. Ka gaida ƙanwata, ka ce mata ba barci nake yi ba, addu'a ce mai zurfi.

Ka ajiye wasa ka saurare ni. Tun makon jiya na aiko maka saƙo, ina jin yana can yana yawo tsakanin tsibirai. An saka sunan Apakuki, sojan da kake tambaya, cikin waɗanda za a tura aikin kiyaye zaman lafiya a waje. Mako mai zuwa za su tashi, sai baɗi kuma. Saboda haka danginsa za su taso daga Bua su zo gidan nan ran Asabar, da tabua, haƙorin nan na neman aure, a hannunsu, su nemi auren Losalini. Kakansa da kansa zai zo, tsoho Manasa. Haƙorin babban kifin tekun da zai kawo, da shi aka nemi auren uwar shi tsohon, ka ga ba na kasuwa ba ne.

Ga inda matsalar take. Wani mai dogon baki ya kai wa tsohon labarin ranar da yaron ya ci abinci a gidanka ka tambaye shi littafin da ya karanta na ƙarshe, ya yi shiru, kai kuma ka ce a ƙara masa rogo tunda ta nan ilimi ke shiga. A Bua yanzu cewa ake yi ka gudu teku ne don kada ka haɗa ido da su.

Na ce wa tsohon ni zan karɓa. Ya ce ni kawu ne ta wajen uwa, ɗiya kuwa ta gidan ubanta ce. Kai ba ka da sauran ɗan'uwa namiji a duniya, ka sani. Da ƙyar na shawo kansa ya yarda in riƙe tabua a hannuna, amma kalmar karɓa da tafin nan uku daga gare ka za su fito, yana ganin fuskarka ko da a waya ne. In bai gan ka ba zai mayar da abinsa cikin jaka ya koma Bua. Ba sai na gaya maka ba, gidansu ba sa kai tabua ƙofa ɗaya sau biyu.

Da ka karɓi lambobin Baturen nan da yanzu kana zaune a kujera mai laushi kana jiran Asabar. Amma ina, kakanninka.

Na sayi robar. Ka nemo sabis.

Taubashinka mai haƙuri da kai,
Ilaitia

*

Suva, ranar Talata

Ta,

Ina gaishe ka da ladabi, babana, kai da Na, mahaifiyata. Ina fatan kuna cin abinci sosai kuma kana shan maganin hawan jininka.

Momo Ilaitia, kawuna, ya ce ya rubuta maka komai, don haka ba zan maimaita ba. Tambaya ɗaya gare ni, kuma don Allah kada ka amsa mini da barkwanci. Da gaske babu sabis ne, ko kuwa rashin sabis ɗin ya zo maka daidai?

Na san yadda kake kallon Apakuki. Ba ya magana a teburi, in ka yi zolaya sai ya kalli farantinsa. Amma shi ne ya yi sati yana gyara rufin gidanmu bayan guguwa, kana ƙasa kana karanta masa yadda mutanen da suke rufin gida. Bai taɓa faɗin wata magana a kanka ba. Jiya ma cewa ya yi, "Malam zai zo, ki bar damuwa." Ni ce ban da tabbas.

In ba ka so, ka faɗa mini da bakinka, zan ji zafi amma zan san inda nake. Kada dai ka bar ni zaune a bakin ƙofa ran Asabar, mutane cike da ɗaki, ana kallon waya baƙa.

'Yarka,
Losalini

*

Vatukuro, ranar Laraba

Losa, 'yata,

Na gaishe ki, uwarki ma tana gaishe ki. Ina shan maganin, tana tsaye a kaina kamar yadda ta tsaya a kan marasa lafiyarta a asibiti.

Kin hana ni barkwanci, kin bar ni kamar wanda aka ƙwace wa sanda, to ga magana tsirara. Babu sabis. Da ina so in guje wa mutanen Bua da na zaɓi wurin da ya fi wannan daɗin abinci. Yaron nan ban ce ba na son sa ba. Ina zolayarsa ne don in ji ko zai rama, bai rama ba, kuma har yau ban gane ko haƙuri ne ko bai ji ba ne. Rufin dai bai yi yoyo ba.

Ran Asabar za ki ga fuskata. Yadda za a yi ban sani ba tukuna. Tun da saƙonki ya sauko daga sama ban zauna ba.

Ubanki,
Sairusi

*

Vatukuro, ranar Alhamis

Tavale,

Gaisuwa a gurguje, in ka ga kuskure ba jahilci ba ne irin naka.

Ga abin da na gwada. Mutanen ƙauyen in suna son waya sukan fita bayan murjani a kwalekwale mai inji, yanzu kuwa ko su ba sa fita. Farantin makarantarsu tun guguwar bara yake kallon ƙasa. Na ari wayar shugabar makarantar, na aika tawa sama a jaka don ta raba mata intanet ina zaune a bene kamar mutum. Rubutu yana wucewa. Hoto kuwa da jakar ta juya sai ya mutu, ga shi igiyar ba ta kai ta can ƙoli, ƙarfen jigon yana tare ta. Abin da ya rage shi ne hannu ya riƙe wayar a saman komai. Na duba jirgin kaf, hannuwa huɗu ne, biyu na mai jan igiya.

Ka san ni da tsani. Ƙwan fitila ma kai nake kira ka canza mini. Jiya na zauna a ɗan katakon nan mai ɗamara, Vasemaca ta naɗa igiyar a abin ja, ta fara juyawa.

Ta ce, "Tun yaushe nake ce maka ka rage rogo?"

Na ce, "Ja kawai, baiwar Allah, ba awo na zo ba."

Ta ce, "Ina ja. Ina jin jirgin ne yake nutsewa, ba kai kake hawa ba."

"Kada ki saki."

"In na sake ka wa zai wanke kwanoni?"

Ban kalli ƙasa ba sai sau ɗaya, na ga jirgin da na sayar da motata na saya ya koma kamar takalmi. A littattafan matafiya teku duk wanda ya hau nan ƙasa yake hangowa ya yi shela. Ni layi ɗaya na hango a goshin waya, kira ya ƙi shiga. Na zauna ina lilo don na kasa buɗe baki in ce a sauke ni. Can sai ga layi biyu, har uku, na kira lambarka ta shiga, ba ka ɗauka ba, addu'a mai zurfi ce ina tsammani. Da yamma na sake hawa, babu komai. Yau da safe na sake hawa. Ina can ina zagin hasumiyar da wanda ya kafa ta sai idona ya faɗa kan wani dutse a bakin gaɓa. Duk lokacin da ruwa ya rufe shi akwai sabis, in ya fito babu. Teku in ta cika tana ɗaga jirgin da kusan tsayin mutum. Wannan ɗan tsayin shi ne tsakanina da 'yata.

Ran Asabar ruwa zai cika da hantsi. Ka roƙi tsoho Manasa su zo a lokacin, kada su makara, kada kuma a tsaya shan shayi.

Sai abu na biyu. Jirginmu yana daidai gaban gidan sarki, ga ni ina ta hawa sama da kansa ba izini. Na ɗauki ƙunshin yangona na ƙarshe na je na durƙusa na yi bayani. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce, "Wato kana so ka hau bisa kaina don ka zauna ƙasa a gaban baƙinka?" Na ce haka ne, ranka ya daɗe. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya yarda, da sharaɗin duk gari za su fito kallo.

Ba na iya cin abinci. Iskar ba ta ragu ba.

Sairusi

*

Suva, ranar Juma'a

Tavale mai hawa sama,

Na gaishe ka. Na karanta wa matata saƙonka, ta ce a ɗauko mata hoto ko da za a sayar da firij.

Na kira tsohon. Na ce masa sai ruwa ya cika. Sannan ya ce, "Na ga an jira fasto, na ga an jira amarya. Yau kuma teku za mu jira?" Na ce ai shi ma mutumin bakin ruwa ne. Ya ce shi ya sa ya san ruwa ba ya jiran kowa, to shi ma haka. Za su zo da hantsi. Da rana ta take tsaka za su tashi, don motar da ke kai su jirgin fito ba ta tsayawa.

Ga saƙonsa gare ka, ba nawa ba. Ba hula, ba baƙin gilashi. Ka ɗaura sulu, zanen nan na maza, kamar kowane uba. Ka yi magana da harshenmu, ba Turancin makaranta ba. Ni kuma ga nawa: kada ka kawo mana maganar littafi, kuma kada ka katse tsohon in yana jawabi, ko da jigon ya karye.

Zan jingina wayar Losalini a kan tabarma, a gefen ƙwaryar yangona, inda ya kamata ka zauna. Yarinyar nan ta share ɗakin nan har tabarmar ta fara kuka. Da ta karanta amsarka sai ta guge rigar da za ta saka.

Allah ya riƙe igiyar, tunda ƙanwata ba ta da dalilin riƙewa.

Ilaitia

*

Vatukuro, a kan takarda

Tavale Ilaitia,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya, da fatan kuma akwai sauran wanda yake amsa gaisuwata a gidan nan. Da biro nake rubuta maka, za ka gane dalili. Ban san abin da kuka gani ba ran Asabar, don haka bari in gaya maka abin da ni na gani.

Gari ya waye iskar ta ƙaru. Duk ƙauyen ya fito bakin gaɓa da tabarmi, sarki a tsakiya, mata da kayan coci. Na fito bene da farar riga da lakataye da sulu, kaina a buɗe, sanƙona yana gaisawa da rana. Ban kai rabin jigon ba iska ta ɗage sulun ta rufe mini fuska. Ihun da matan nan suka yi ina jin an ji shi a Tonga. Wata tsohuwa ta ƙwala, "Uban amarya, mun gode, mun gani!" Allah ya taimake ni na sa gajeren wando a ciki. A nan hannun Vasemaca ya gaza, na tsaya a tsakiya ba sama ba ƙasa, sai da wasu magidanta biyu suka tuƙo kwalekwale suka kama mata.

Na isa ƙoli. Dutsen ya nutse, layi uku. Na fitar da wayar daga jaka don a ji muryata, na kira, ka ɗauka, karo na farko a rayuwarka da ka yi abu a kan lokaci. Na ga tabarma, na ga gwiwarka, na ga ƙwaryar yangona. Na ga tsoho Manasa a durƙushe, tabua a hannu ɗaya, igiyarsa a ɗayan. Can baya na hango Apakuki kansa a sunkuye, da Losa a bakin ƙofa ta haɗa hannuwanta a cinya kamar ranar da na fara kai ta makaranta.

Tsohon ya fara jawabi. Tavale, mutumin nan ya iya magana, da a ƙasa nake da na roƙe shi ya maimaita in rubuta. Amma ya faro ne daga kakan kakansa. Ya ambaci ƙauyensu, da ƙauyen da suka taso kafin nan, da kogin da suka ƙetare. Jigon yana kai ni dama ya dawo da ni hagu, hannu ɗaya na riƙe da wayar sama, ɗayan na rungume ƙarfe. Ya shiga dangin uwar yaron. Na saci kallon gaɓa, kan dutsen ya fara leƙowa. Layi biyu. Ya tsaya ya yi tari, aka ba shi ruwa, ya koma baya kaɗan don ya manta wata gwaggo. Ban taɓa son katse mutum kamar ranar ba, ni da na yi rayuwata ina katse mutane. Na ciji leɓe na yi shiru.

Da ya miƙa maka tabua ka ɗago shi gaban wayar, layi ɗaya ya rage. Na kwana biyu ina tsara jawabi, mai gabatarwa da tsakiya da rufewa, har da wurin da za a yi dariya. Na watsar da shi duka. Na ce, "Na karɓa. Tabua ya shigo gidan nan, ba zai fita ba. Yarinyar taku ce, yaron nawa ne."

Saura tafi. A nan na gane abin da duk lissafina bai hango ba. Na cusa wayar tsakanin fitilar ƙoli da gindin eriyar rediyo, fuskarta tana kallona. Na saki ƙarfen. Na kumbura tafin hannuwana yadda ya kamata, na buga ɗaya. Wata igiyar ruwa ta shigo ta ƙofar tafkin ta kwantar da jirgin, na tafi can waje kamar guga a bakin rijiya, na dawo na bugi jigon da ƙirji. Wayar ta yi tsalle. Na bi ta da ido tana juyawa, tana walƙiya, har ta shige ruwa ko ƙara ban ji ba.

Na yi sauran biyun duk da haka, ga iska. Mutanen gaɓa suka amsa, sarki ya fara, duk gari suka bi, tafin ya ratso ruwa ya same ni a sama. An ce na yi kuka. Iska ce, ga gishiri.

Abin da ke hana ni sukuni shi ne, tun kafin in buɗe baki hoton ya daskare a kan fuskar tsohon, bakinsa a ɗan buɗe. Ban sani ba ko maganata ta iso. Ban sani ba ko kun ji tafin, ko kuwa abin da ɗakin ya gani shi ne uba ya kashe waya daidai lokacin da aka miƙa masa tabua.

Na ari wayar shugabar makarantar don in kira ku, sai na tarar ban san lambar kowa ba. Waƙoƙin mutanen da suka mutu tun kafin a ƙirƙiro waya suna nan cike da kaina, baiti-baiti, lambar 'yata babu. Vasemaca ta tuna ta ɗakin haihuwa na asibitinsu kawai. Kafin mu yanke shawarar kiran ungozoma ta je ta nemo ku, hasumiyar ta ɗauke gaba ɗaya, an ce batirinta da rana yake aiki, ga hadari ya ƙi tafiya. Har yau ba ta dawo ba. Kullum in ruwa ya cika sai in sa a ɗaga jaka da wayar aro, ta sauko fayau. Magidantan nan biyu sun nutsa sun ciro tawa daga cikin yashi, tana nan a kwanon shinkafa kamar gawar da aka ƙi binnewa.

Yaron ya riga ya tashi yanzu, ko da alkawari ko babu. Na zagaya jirgin nan har fentin bene ya fara gogewa, Vasemaca ta daina yi mini tsawa, wannan ma ya fi tsawar tayar mini da hankali.

Iska ta kwanta. Yanzun nan aka busa ƙaho a ƙauye, an hango hayaƙin jirgin kaya. Zan ba su wannan su kawo maka. In babu komai a cikinsa sai roba, zan gane.

Taubashinka,
Sairusi

*

Suva, ranar Lahadi

Ta,

Ina gaishe ka da Na. Momo ya ce jirgin kaya zai tashi cikin makon nan, zan saka wannan a kwalin robar.

Muryarka ta zo a gutsure. "Na karɓa" ta fito sarai. Daga nan sai "yaron nawa", sai tafi ɗaya. Sannan hoton ya dawo, muka ga sama tana juyawa, muka ga tafin ƙafafunka da gajeren wandonka suna nisa, shi ke nan. Da haka muka san wayar ce ta faɗo, ba kai ba.

Momo yana riƙe da tabua, bai san ko ya ajiye ko ya mayar ba. Tsoho Manasa ya tambaye shi tsayin jigon. Momo ya nuna masa bishiyar kwakwar gidan maƙwabta. Tsohon ya leƙa ta taga ya daɗe yana kallonta. Sai ya ce, "A can ya saki hannu biyu?" Apakuki ne ya amsa, shi da bai taɓa magana a gaban kakansa ba, ya ce, "Na gaya muku Malam zai zo."

Tsohon ya ce ɗaya ya ji, kuma ɗayan ya isa ya bar tabua a gidan nan. Sauran biyun ka kawo su da kanka ranar ɗaurin aure, a zaune, a ƙasa.

Ka dawo gida, Ta. Ban naɗe tabarmar ba.

'Yarka,
Losalini